Karen da Aka Ɗaure a Gidan Tamba

Kafin jan karen ya saki ƙafar Sharifa, samarin unguwa har sun ɗauko sanduna. Dinatu ce ta tare su, ma'aikaciyar kula da dabbobi da aka turo Argungu daga Birnin Kebbi. Sabuwar doka ta hana kashe kare ko da ba shi da ubangida, wanda ya kashe kuwa sai kotu. Ɗaure shi za a yi kwana goma. In ya kai da lafiyarsa, ba shi da hauka.

Ta ce wa Arzika, mahaifin yarinyar, ya kai ta a yi mata allurar rigakafin haukan kare duk da haka. Arzika ya tuna albasarsa da ke jiran cira, ya ce, "Bari mu ga karen tukuna, Madam."

Aka damƙa karen a hannun Tamba, maƙwabcin Arzika, mutum mai tsoron hukuma, wanda in ya hango ɗan sanda a kan babur sai ya sauya hanya. Ya ɗaure shi a bayan gida. Kwanakin farko unguwa ba ta huta ba, kare na wani irin kuka yana tauna igiya. Tamba ya tsare ƙofa, ya ce hukuma ta hana leƙe.

Daga baya sai shiru. Da Arzika ya matsa, aka bar shi ya shiga. Ga kare nan yana lasar kwanon tuwo, har da kaɗa masa wutsiya.

"Ka gani? Lahiya lau shike," in ji Tamba, idonsa a ƙasa.

Arzika ya ji daɗi ƙwarai, ya bar maganar allura. Ciwon Sharifa ya kame, sai dai takan ce wurin na yi mata ƙaiƙayi. Uwarta ta ce alamar warkewa ce.

Ranar cikon goma Dinatu ta duba kare, ta kwance shi da hannunta, kowa ya yi hamdala. Sharifa ba ta fito ba, kanta na ciwo, kuma tun safe take kau da fuska in an miƙa mata ruwa.

Tamba ya fi kowa samun sauƙi, don ya tsallake kotu. A ganinsa jan kare jan kare ne. Wannan daga wajen wani maharbi ya aro shi, bayan wanda ya ciji Sharifa ya mutu a igiya yana dalala, ya binne shi a bayan rumbu don kada a ce shi ya kashe shi.