Uban da ke Cikin Waya

"Da duk iyaye irinka ne, da mun huta," in ji malamar 'yarsa, fuskarta cike da allon kwamfutar ofishinsa. "Ba ka taɓa barin saƙona ya kwana ba."

Ya gyara zama, ya yi murmushin wanda aka yaba wa gonar da bai san hanyarta ba. Tun da karatun makaranta ya koma ta waya, ya miƙa wa yarinyar tsohuwar wayarsa, ya sa mata data. A ganinsa ya sauke nauyin uba.

Da ya koma gida ya tarar da wayar a kan tebur, ya buɗe. Ashe yarinyar ce ke amsawa da sunansa. Malama ta koka da lissafi, uban ya yi alkawarin zama da 'yarsa kullum. Har da "madalla" ɗin nan da yake yi wa manyansa a ofis.

Saƙon ƙarshe ya ce: "Ina alfahari da ita. Nakan gaya mata."

"Baba, sannu da zuwa," ta ce daga bakin ƙofa, idonta a kan wayar. "Don Allah kar ka goge wannan. Nakan karanta shi."