Jar Mota Mai Ƙishirwa

Karo na uku ke nan cikin mako guda Gafaru na tura jar motarsa zuwa layin mai na unguwar Maamobi.

Da gangan ya saye ta. Ranar da suka gwada motoci biyu na sayarwa, fara da ja, shi da abokinsa Seidu, galan ɗaya ya kai farar har garin Tema ya dawo da ita, jar kuwa a hanyar dawowa ta mutu. Ya bar wa Seidu farar. Ai a bakin gidan man ne Fusena ke sayar da waakye, wato shinkafa da wake, kuma mota mai ƙishirwa ce kaɗai za ta riƙa kawo shi gabanta.

Wata bakwai yana bin layi, yana cin waakye, baki ya kasa faɗin abin da ke zuci. Yau dai ya ƙudura.

"Fusena, akwai wata magana..."

"Ei, Bra Gafaru, kai ma ka ji?" Ta yi dariya, ta ƙara masa ƙwai. "Juma'a za a ɗaura, ni da Seidu. Shi motanshi ba ya shan mai, ka gani. Kullum kana nan kana layi, shi yana gidanmu yana gaida Baba."