Mushe Ko Gawa

Tun shekarar annoba aka hana binnewa. Duk abin da ya mutu a gari, mutum ko dabba, hukuma ce ke zuwa ta ɗauka ta ƙona kafin rana ta faɗi.

Da hantsi Gwaggo Tasalla ta tarar da kyanwarta Ɗiyar-lele ta sandare a gindin randa. Shekara goma sha biyu su kaɗai ne a gidan, kwano ɗaya suke ci. Ta lulluɓe ta da mayafi, ta kira lambar hukuma.

Na'ura ce ta amsa: "Mushe ne ko gawa?"

Gwaggo ta dubi 'yan ƙafafun da suka leƙo daga mayafin. Bakinta ya ƙi kiranta mushe, sai ka ce jakin da aka yar a juji.

"Gawa ce," in ji ta.

"Mutum ɗaya ne a rajistar gidan nan. Allah ya ji ƙan Tasalla."

"Ni ce Tasallar! Da raina!"

"Ba a karɓar gyara daga mamaci."

Kafin azahar mota ta tsaya a ƙofar gida. Maza biyu suka yi sallama, ɗauke da makarar ƙarfe daidai tsawon Gwaggo. Ta miƙa musu kyanwar, tana rantsuwa da Allah.

Babbansu ya karɓa, ya jinjina ta a hannu, ya sunkuyar da kai.

"Ki yi haƙuri, Gwaggo. Motar ba ta tashi sai nauyin gawar da ke rajista ya cika."