Turken Baba

Mu huɗu ne ran nan: Baba, Inna, ni, da ƙanwata Habsu a goye. Fari ya cinye mana dabbobi a Azagor, muka sauko Dakoro, aka ara mana kango. Ko tabarma ba a shimfiɗa ba, Baba ya hau kafa turke a tsakar gida.

Inna ta ce, "Malam, me za ka ɗaure? Ko akuya ba mu da ita."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Bari yaran nan su ga ba mu ƙare ba."

Inna ta juya baya tana gyara goyon da bai kwance ba. Ni ba mai kuka ba ce, jikokina shaida ne, amma har yau bugun turke na tsai da ni.

Da safe na share gindin turken, na aje masa ƙwaryar ruwa.