Awakin da Suka Cinye Irin Gawo

Zauna tukuna, Jatau, ka sha ruwa. Tun da ka shigo kake zagin awakin mutane don sun yaga maka buhun iri, har jijiyar wuyanka ta tashi. Wannan sana'a da ka kama, ta tara irin itatuwan daji da ciyawa ana mayar da su makiyaya, ba kai ka fara ta ba, kuma ba kai akuya ta fara yi wa ɓarna ba. Bari in ba ka misalin wani.

An yi wani manomi a wani gari da makiyayarsu ta mutu. Wurin da a da saniya ke shiga ciyawa ta ɓace sai ƙaho ake hange, ya koma faƙo, ƙasa ta daskare kamar daɓe, ko ruwan sama ya sauka sai ya zame ya wuce abinsa. Mai gari ya ce tun da filin ba ya ciyar da ko ɗan tunkiya, za a bai wa masu haƙar marmara. Manomin nan taurin kai gare shi, ga shi a wurin ya yi kiwo yana yaro. Ya roƙa a ba shi damina biyu ya gwada, aka ba shi. Da kaka ya bi daji yana zage kan gamba da kyasuwa, da rani ya bi gindin gawo da bagaruwa da buhu yana tsintar 'ya'yansu. Mutane suka samu abin dariya, wai ga wanda ya bar gero ya koma noman ciyawa. Bai kula su ba, ya ɓare iri ya shuka. To, ƙwayar gawo tauri gare ta kamar tsakuwa. Ruwa ya yi ta zuba a kanta damina guda, ta ƙi ko motsi, irin ciyawar kuwa ruwa ya kwashe shi ya kai kwari.

Saura damina ɗaya ke nan. Ya sake tarawa fiye da na bara, ya jibge a rumfa bayan gida. Ran nan ya tafi ɗaurin aure ƙauyen gaba, awakin wata tsohuwa maƙwabciyarsa suka ture zana suka shiga, su ma suka yi nasu bikin. Ya dawo ya tarar da buhuna a yayyage, awaki sun kwanta suna tuƙa, suna kallonsa ko kunya babu. Ransa ya ɓaci ƙwarai, ya rantse sai mai gari ya raba shi da tsohuwa. Ya kora awakin har faƙon nan, ya kewaye su da ƙaya, ya ce nan za su zauna sai an yi shari'a. Ashe mai gari ya yi tafiya, kuma ba ta kusa ba. Sai ga mai ƙara ya zama bawan awaki: shi ne ɗebo musu ruwa, shi ne kai musu harawa, har guntun irin da suka tattake ya share ya zuba musu, tun da a ganinsa ya riga ya lalace. Tsohuwa kuwa kullum da safe sai ta biyo ta wurin da sandarta ta ce, "Sannu da kiwo, malam. Ka ga har sun fara ƙiba." Da ya ga wahalar ta ishe shi, ya buɗe musu ƙofa ya ce wa tsohuwa ta kwashe tsiyarta, ya ja ƙaya ya toshe. Don baƙin ciki bai ƙara taka wurin ba.

Ruwa ya sauka, ba shi da ko ƙwaya ɗaya da zai shuka, ya haƙura. Da damina ta yi nisa mai gari ya dawo, ya sa ranar da zai kawo masu marmara, manomin ya tafi don ya kwashe ƙayarsa ko ta yi masa makamashi. Yana leƙawa ya ga wurin kore shar. Ga 'yan gawo da bagaruwa sun tsiro cikin kashin awaki, ga kyasuwa ta kai gwiwa, gamba na biye da ita. Cikin akuya ya tausasa ɓawon ƙwayar da ruwa ya kasa, kofato ya farfasa faƙo, kashi ya zama taki, ƙayar da ya kafa cikin fushi ta yi gadi. Mutumin nan ya zauna a ƙasa ya yi ta dariya har da hawaye. Mai gari ya zo ya gani da idonsa, ya ce wa masu marmara su nemi wani wuri. Da yamma manomin ya ƙulla goro ya tafi gidan tsohuwa neman aron awaki. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Waɗanne? Waɗanda ka kai ƙara?" Tun daga nan kowane rani sai ya tara iri ya ciyar da su, yana matsar da shingen ƙaya gaba gaba, har makiyaya ta dawo, makiyayan wasu garuruwa suka riƙa zuwa neman iri a wurinsa da koyon yadda ake yi.

Saboda haka, Jatau, kafin ka kai ƙara, je ka duba inda awakin nan suke kwana, ka kafa wa wurin ƙaya, ka jira ruwa. Hausawa suka ce, wani hani ga Allah baiwa ne.