Sunan Jirgin da Ya Ƙi Faɗuwa

Kalma ɗaya ta rage mata a fim ɗin da suke ɗora wa murya: sunan wani jirgin sararin samaniya, Thirlwren. Da ta faɗe shi daidai aiki ya ƙare, gobe kuma za ta tafi karatu na shekara huɗu.

"Sirilwaran," ta ce, karo na sha ɗaya.

Mai ɗaukar sautin ya dube ta ta gilashi. "Sa harshe tsakanin haƙora. Kuma a Turanci ba a furta w ɗin nan, shiru yake."

"To me ya kawo shi tsakiya, in ba zai yi magana ba?"

Ya sunkuyar da kai. Ya san ba da harafin take ba, da shi take. Amma da wane baki zai ce ta bar karatunta ta zauna?

A waje yayanta da ya zo ɗaukarta ya danna hon ɗin mota. Ta jira, idonta a kan mai ɗaukar sautin.

"A sake," kawai ya iya cewa.

Ta share hawaye, ta matso makirufo, ta faɗi sunan tsaf, kamar ita ta raɗa shi.

Ya nemi kuskure ko ɗaya da zai sa ya tsayar da ita. Babu.