Fuska Kamar An Taka Gwangwani

"Cire hannunki daga kan kwamfutar nan!" Yaya ta daka min tsawa, har mai jiran hoton fasfo ya tashi ya fice.

Manhaja ɗaya tsohuwar kwamfutar shagonmu za ta iya ɗauka. Yaya ta gyaran hoto take so. Ni kuwa ta adanawa, mai gane fuska ta tara hotunan kowa a foldarsa. Na gaji da laluben hoto kwastoma na tsaye yana zagina.

"Ke da fuska kamar an taka gwangwani, ai gyara kike buƙata, ba adanawa ba," in ji ta.

Na kunna ta adanawar don gwaji. Nan take ta rarraba komai.

"To buɗe foldata mu gani, uwar iyayi."

Hoton katin shaidarta kaɗai ne a ciki.

"Kin goge min sauran, muguwa!"

Na buɗe tawa foldar. Ga su nan reras, duk hotunan da ta gyara wa kanta hanci da haɓa. Manhajar ta ɗauka ni ce.

"Yaya," na ce, "ashe gwangwanin kike so?"